Gizo da Gammo: Karɓa-karɓar Sojojinmu a Yaƙin Ƙetare

A Lokoja akwai barikin soja mai suna Chari Maigumeri. Mutanen can sun saba da sunan har ba sa tambayar ko wane ne, mu kuma nan Borno da ya fito daga cikinmu, in ka tsayar da mutum goma a bakin kasuwa da wuya ka samu guda da zai ba ka labarinsa. Alhali mutumin nan ya ga abin da ba kowane janar ya gani ba. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, ya yi musu yaƙi har suka rataya masa lambarsu ta jarunta. Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915. Bayan shekara biyu sai ga shi cikin kakinsu, an tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na jiya. Ya kai muƙamin samanjan bataliya ta 3 ta sojan Nijeriya, ya tafi yaƙin Habasha da ita, ya dawo, ya sake shiga jirgin ruwa zuwa Burma. Sai a 1953 ya ajiye kaki, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa.

Sau uku ke nan ana ƙetare teku da shi. Duk wanda ya bi sawun tafiye-tafiyen nan uku zai ci karo da wani ɓangare na yaƙi da ba a cika ba da labarinsa ba, domin babu ƙarar igwa a cikinsa: yadda ake shirya rundunonin ƙasashe daban-daban su zama abu guda, da yadda ake karɓa-karɓa a tsakaninsu, wannan ta shiga, waccan ta fito ta huta. A kan wannan ne ake cin yaƙin da ya yi nisa da gida, a kansa kuma ake faɗuwa.

Maiduguri ta fara ganin irin wannan shiri tun tana jaririyar alƙarya. A 1907 Shehu Garbai ya sauka a Yerwa, Turawa suka kafa barikinsu a kusa. Shekara bakwai kacal bayan haka, a watan Agustan 1914, Kyaftin Fox ya fita daga Maiduguri da ayarin soja ya nufi Mora, inda Kyaftin von Raben na Jamus ya kwashe mutanensa ya haye dutse. Sojojin Faransa suka zo daga Cadi suka haɗu da na Ingila, aka yi wa dutsen zobe. An ɗauka abin kwana kaɗan ne. Sai da aka shekara ɗaya da rabi, von Raben bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairun 1916, bayan duk sauran Kamaru ta faɗi. A ƙarshen shekarar aka haɗa bataliya huɗu ta Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe aka tura su Gabashin Afirka. Dalilin tura su shi ne zazzaɓin cizon sauro da atini sun cinye sojojin Turawa da na Indiya da ke can, dole a janye su a kawo waɗansu. Wato tun tafiyar farko, a matsayin masu karɓar waɗanda suka gaji aka kira mutanenmu. Sun sha wuya ƙwarai a Mahiwa a watan Oktoban 1917, suka dawo gida a 1918.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, shi ya mai da Maiduguri zango na gaske. Da Faransa ta faɗi a watan Yunin 1940, yankunan da take mulka suka rabu biyu. Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Cadi kuwa, gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya yi mubaya'a ga Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta. Sai Borno ta wayi gari tana tsakanin maƙwabta biyu masu tuta iri ɗaya, na arewa abin zargi, na gabas abokin tafiya. Wannan mubaya'a ta Éboué ita ta buɗe hanyar sama. Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama tarko, jiragen yaƙin da Ingila ke buƙata a Masar kuma ba su da ta inda za su bi. Sai aka riƙa kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, su faɗa Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid har Hartum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Alƙahira. Ayarin farko ya tashi ranar 20 ga Satumbar 1940. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Mutumin Yerwa da ya ji sunayen zangunan nan zai yi murmushi, domin hanyar alhazai ce tsaf, wadda kakanninmu ke bi da jaki da raƙumi su yi shekara da shekaru. Yadda ayarin ke tafiya ma kamar na fatake ne. Jirgi guda mai inji biyu, ƙirar Blenheim, shi ne madugu, shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan Hurricane kamar shida suna biye da shi a jere, don in ɗaya ya kauce cikin hazon hunturu, babu abin da zai gani a ƙasa sai ƙaya da rairayi. A sauka, a sha mai, a duba inji, a kwana ko a wuce. Matuƙan da suka kai jirgi Masar sai a kwaso su a dawo da su Takoradi su ɗauki wani. Man da ake zuba musu a Maiduguri kuwa sai an sha wahala kafin ya iso, tunda jirgin ƙasa bai zo garin ba sai 1964. A Jos da Nguru dogo ya tsaya. Daga baya Amurkawa suka shigo, da farko kamfanin Pan American a 1941, sannan sojan samansu. Wani abin sha'awa: hafsan da ya jagoranci jirage ukun farko da suka taɓa sauka a Nijeriya a 1925, suka yada zango a Maiduguri kafin Kano, Arthur Coningham, shi ne ya zama kwamandan sojan sama a hamadar Masar da Libiya a 1941, yana karɓar jiragen da ke bin hanyar da ya share.

Yayin da jirage ke wucewa ta sama, a ƙasa ana kwasar samari. Yawanci ta hannun sarakuna ake bi, a faɗa wa hakimi adadin da ake so, hakimi ya faɗa wa dagaci ko lawani. Akwai waɗanda suka tafi don kansu, saboda albashi da kaki, akwai kuma waɗanda aka nuna da yatsa. Ba duka ne ma 'yan Nijeriya ba. Mutanen Cadi da Nijar da yawa sun tsallako sun shiga. Hausa ce harshen bariki tun zamanin Lugga, kowane kurtu, Babarbare ne ko Batibi, da ita ake horar da shi, har Baturen hafsa sai ya koye ta. Da yaƙi ya faɗaɗa aka rasa isassun Turawa masu jin Hausa, aka kawo hafsoshi daga Rodeshiya, har da ɗaruruwan 'yan Folan da ƙasarsu ta faɗi, sai aka koma jingina da wani guntun Turanci.

Birged ta farko, mai bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, ta bar Legas a watan Yunin 1940 zuwa Kenya. A can aka sauya mata suna zuwa birged ta 23, aka cusa ta cikin rundunar da ta haɗa sojan Gabashin Afirka da na Afirka ta Kudu da na Gwalkwas, ƙarƙashin Janar Alan Cunningham. Ita ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941. Daga nan ta bi Italiyawa a guje cikin motoci, ta ci kimanin kilomita 1,200 cikin kwana 17 har Jijiga, ta fasa mashigin Marda, ta karɓi Harar a ƙarshen Maris. Ranar 6 ga Afrilu Adis Ababa ta faɗi. Kafin shekarar ta ƙare an mai da birged ɗin gida, kuma ba tausayi ya sa ba. Tsoron Vichy ne: ana gudun kada a kawo hari daga Nijar ko Dahomey alhali ƙwararrun sojojin ƙasar suna wata duniya. A yaƙin Hitila, wannan ce kaɗai tafiyar da ta yi kama da karɓa-karɓa ta gaskiya, shekara guda da 'yan watanni mutum ya ga iyalinsa.

A watan Nuwambar 1942 Amurka da Ingila suka sauka a Arewacin Afirka, gwamnan Faransa da ke Dakar ya juya ya bi sojojin taron dangi. Dare ɗaya iyakar Nijar ta daina zama abin tsaro, dubban sojoji suka zama ba su da abokin faɗa. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabancin sojan Afirka ta Yamma kafin a mai da shi Indiya, shi ya matsa a kai su Burma. Hujjar da aka kafa ita ce wai Baƙar fata ɗan kurmi ne, zai iya da dajin can da zazzaɓinsa. Wanda ya san inda aka ɗebo yawancin masu riƙe da bindigar zai gane raunin wannan magana. Yaron da ya tashi a Magumeri ko Gubio, inda ruwan shekara bai fi milimita 600 ba, ina ya taɓa ganin kurmi? Gaɓar Arakan ta Burma da aka kai shi tana samun kusan milimita 5,000. 

Ga yadda aka tsara su. Mutum kamar goma suna ƙarƙashin kofur. Irin wannan ƙungiya uku su ne filatun, filatun uku kamfani, kamfanoni huɗu da 'yan tallafi su ne bataliya, mutum 800 ko fiye. Bataliya uku birged, birged uku runduna. Wannan uku-uku da ke ta maimaituwa yana da dalili. Kwamanda yakan sa biyu a gaba ya ajiye ɗaya a baya, ta huta, ta yi wanki, ta yi jinyar marasa lafiyarta, in an matsa wa wani gefe a tura ta, in wata ta gaji ta karɓe ta. Murhu ne mai duwatsu uku. Aka kafa Runduna ta 81 a watan Maris na 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner: birged ta 3 duk 'yan Nijeriya, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, birged ta 5 'yan Gwalkwas, birged ta 6 kuma haɗin gambiza, bataliya ta 4 ta Nijeriya da ɗaya daga Saliyo da ɗaya daga Gambiya. Runduna ta 82 ta biyo baya a watan Agusta, da birged biyu na Nijeriya, ta 1 mai tsofaffin hannun Habasha irin su Chari Maigumeri da ta 4 mai bataliya ta 5 da ta 9 da ta 10, sai birged ta 2 ta Gwalkwas. Hafsoshi duk Turawa ne, in ka cire Seth Anthony na Gwalkwas da ya samu anini a 1942. Iyakar inda ɗan ƙasa ke kaiwa shi ne samanja.

Tambarin da suka ɗinka a kafaɗa ya ishi mai lura bayani. Na Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na tatsuniyar Asante, wanda ba kowa ba ne illa Gizonmu na Ƙoƙi, ƙaramin da ke kayar da manya da dabara. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da ka sani, na ɗan dako. Kuma gaskiya suka faɗa, domin abin da ya bambanta rundunonin nan da duk sauran na taron dangi shi ne kai. Kowace birged tana da rundunar 'yan dako, sojoji ne masu lamba da albashi, amma aikinsu ɗauka: harsashi, turmin harba bom, akwatin rediyo, magani, kowa da kaya kusan kilo 20 a kansa ban da nasa na goyo, ga adda a ɗamara. Su ke sare hanya, su ke share filin saukar ƙaramin jirgi, su ke ɗauko wanda aka harba. Inda mota ba ta shiga, inda alfadari ke turjewa, mai gammo yana wucewa. Da farko yawancinsu ko bindiga ba a ba su ba.

Runduna ta 81 ta zaga ta Afirka ta Kudu ta sauka Bombay a watan Agustan 1943. Tun ba ta ga Bajapane ko ɗaya ba aka zare mata dutse guda daga murhu: aka ɗauke birged ta 3 aka ba Janar Orde Wingate. Da birged biyu ta shiga kwarin Kogin Kaladan, aikinta ta tsare gefen hagu na sojojin Indiya da Ingila da ke gangarawa ta bakin teku ƙarƙashin Janar Christison. Kafin ta isa sai da ta sare hanyar jif mai tsawon kilomita 120 cikin tsaunuka daga Chiringa zuwa Daletme, da adda da diga da shebur. Bayan nan sai ta zama babbar runduna ta farko da aka ciyar kacokan ta sama.

Yadda abin ke gudana shi ne, a sami wani fili ko tsibirin yashi a bakin kogi, a share, a shimfiɗa alama, a tayar da hayaƙi. Jirgin Dakota ya zo ya yi ta kewayawa ƙasa-ƙasa, mutanen ciki suna turo kaya ta ƙofa. Harsashi da magani da lema suke saukowa. Buhunan shinkafa kuwa haka nan ake jeho su, buhu cikin buhu don kada ya fashe, in ya sami mutum a ka sai dai a yi masa salla. Jirgi na juyawa 'yan dako su ruga su kwashe kafin Japanawa su gane wurin, a rarraba, kowa ya naɗa gammo, a ɓace cikin gora. Ƙyallen lemar ma ba a yar da shi, da shi ake yin rumfa, da shi ake musayar kaji a ƙauyuka.

Sun gangara har Kyauktaw. A farkon Maris na 1944 Japanawa ƙarƙashin Kanar Koba suka zagayo ta gefe suka kama wani tudu da ke kallon garin, Woolner kuma ba shi da birged ta uku da zai jefa. Dole aka ja da baya. Laifin ya faɗa kan Woolner, aka sauke shi a watan Agusta aka kawo Loftus-Tottenham, sunan rundunar kuma ya ɓaci a wurin manya na wani lokaci. A ganina an yi mata rashin adalci. Wanda ya cire dutse daga murhu ba shi da bakin zargin tukunya in ta karkace.

Su kuma 'yan birged ta 3 da aka ba Wingate, nasu ya fi tsanani. Rundunarsa, wadda ake kira Chindit, aikinta a sauke ta da jirage a bayan abokan gaba ta datse musu hanyar jirgin ƙasa. An raba kowace bataliya gida biyu, kowane ayari da alfadaransa. Wingate ya san jikin ɗan Adam ba ya jure irin wannan rayuwa, don haka ya tsara cewa kwana 90 birged za ta yi a ciki a fito da ita, wata ta shiga. Aka fara saukar da su ranar 5 ga Maris na 1944. Ranar 24 ga watan jirginsa ya faɗi ya mutu, alkawarin kwana 90 ya bi shi. 'Yan Nijeriya sun sauka a sansanin da aka laƙaba wa Aberdeen, suka tsare wani mai suna White City kusa da Mawlu, inda Japanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare a watan Afrilu ba su karya shi ba. A watan Mayu aka miƙa rundunar duka ga Janar Stilwell na Amurka, wanda ke jagorantar sojan Sin a arewa, mutumin da bai yarda Turawan Ingila na yin iyakar ƙoƙarinsu ba. Ya ƙi sakinsu. Damina ta sauka, suna tafe cikin taɓo da matsattsaku, ga zazzaɓi ga atini, ga gyambon da ba ya warkewa. Da likitoci suka duba wata birged ta Turawa da Gurkawa a watan Yuli, cikin mutum sama da 2,000 waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su kai 120 ba. Sai a watan Agusta Runduna ta 36 ta Ingila ta karɓe su. Haɗarin yaƙin taron dangi ke nan: wanda ya yi maka alkawari daban, wanda ke riƙe da kai ranar cikawa daban.

Ciwo dai shi ne babban abokin gaba a Burma. Janar Slim, kwamandan Babbar Runduna ta 14, ya lissafta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwantar saboda rauni, akwai 120 da aka kwantar saboda cuta. Shi ya sa ya tilasta shan ƙwayar mefakirin kullum a gaban hafsa, ya kuma matso da asibitocin zazzaɓi kusa da fagen daga don kada a riƙa kwasar mutane har Indiya.

Karɓa-karɓar da ta tafi daidai ita ce ta ƙarshen 1944. Runduna ta 82 ta iso Indiya a tsakiyar shekarar ta yi horo. Da damina ta ɗauke, ta 81 ta sake gangarawa Kaladan, ta 82 kuma ta shiga kwarin Kalapanzin ta kama Buthidaung a tsakiyar Disamba, sannan ta haura tsaunuka ta nufi 'yar'uwarta. Karɓar wuri a gaban abokin gaba aiki ne mai son natsuwa. Kwamandan sabuwar bataliya da samanjansa sukan riga mutanensu isowa, a zaga da su rami-rami: ga inda aka kafa tsinin gora, ga mashaya, ga hanyar da 'yan sintirin Japan ke bi da dare. Sannan a shigo kaɗan-kaɗan ba hayaniya, mai fita ya bar harsashi ya ɗauki majinyatansa, don kada na ƙetare ya ji alamar an canza hannu. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Daga nan aka janye ta 81 zuwa kudancin Indiya bayan kusan shekara guda tana fama, birged ɗinta ta 3 ta koma mata, aka shiga shirya ta don mamaye Malaya.

Ta 82, wadda Janar Hugh Stockwell ya karɓa a watan Janairun nan, ita ta gaji sauran aikin: Dalet, Tamandu, Letmauk, hanyar An, har Taungup da Sandoway. Ana cikin haka aka janye yawancin jiragen da ke ciyar da ita aka mai da su tsakiyar Burma, inda Slim ke rige-rige da damina zuwa Rangun. Rundunar da aka gina a kan abinci daga sama ta koma neman sa ta kwale-kwale da kan 'yan dako. Mutum 2,085 ta rasa tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, fiye da kowace runduna a wannan fage.

To, a nan ne maganar take. Duk wannan karɓa-karɓa ta runduna ce, ba ta mutum ba. In an ce an janye Runduna ta 81 ta huta, ana nufin an kai ta wani sansani a Indiya. Sojan Ingila yana da agogonsa: akwai tsarin da suka kira Python, wanda ya ce in mutum ya cika shekara uku da wata takwas a Gabas Mai Nisa a mai da shi gida, a watan Yunin 1945 ma aka rage zuwa shekara uku da wata huɗu, har kwamandoji suka yi ta ƙorafin an kwashe musu ƙwararru. Sojan Indiya in ya sami hutu jirgin ƙasa zai hau ya ga ƙauyensu. Mutumin Dikwa ko Biu ba shi da ko ɗaya. Ya sa hannu ne har yaƙi ya ƙare, a kan abin da bai fi sule guda a rana ba. Hafsan da ya taso da shi daga Legas zai cika kwanakinsa ya yi sallama, a kawo sabo wanda bai san sunan kowa ba, shi kuwa yana nan. Abin da ke haɗa shi da gida sai wasiƙar da wani mai ilimi ya rubuta masa, da ɗan kason albashin da ake biyan iyalinsa ta hannun hukuma. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gaishe su, an ji daɗi, amma gaisuwa ba ta zama hutu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agustan 1945. Jiragen ruwa sun yi kaɗan, kuma a layin masu komawa gida Baƙar fata ne a ƙarshe. Sai cikin 1946 aka gama kwaso su, wasu sun shekara uku ba su ga damina a gonarsu ba. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Waɗanda suka dawo kuma da yawa sun tarar alkawarin aiki da na kuɗin sallama bai kai yadda aka faɗa ba. A Ankara ta Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairun 1948, 'yan sanda suka harbe uku daga cikin tsofaffin sojojin da suka fito kai kuka ga gwamna, abin da ya hanzarta 'yancin Gana.

Sunayen wuraren nan duk suna tare da mu, sai dai mun manta asalinsu. Barikin Dodan da na Myohaung da na An da na Tamandu da na Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Bukavu ta Kano kuwa daga Kwango ta samo suna, inda sojan Nijeriya ya yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964, kuma a can ne aka yi abin yadda ya kamata: bataliya ta yi wajen wata shida, wata ta je ta karɓe ta, ta dawo barikinta da iyalinta.

Yau Maiduguri ce da kanta fagen daga. Tun 2013 Runduna ta 7 ke zaune a barikin Maimalari, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi kuma tana da hedikwata a Injamena, ɗaya daga cikin sassanta yana Mora, gindin dutsen nan na von Raben. A watan Agustan 2018 wasu sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, suka ƙi hawa jirgin da zai kai su Marte. Kukansu shi ne sun shekara fiye da uku a bakin daga ba a karɓe su ba.